Ƙasa Ce Ta Ci Shi Ko Wuta

Kakana na wajen uba ya rasu a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ina ɗan yaye. Fataucin kwanuka yake yi, irin masu fure da ake yi wa amare jere da su. A lokacin 'yan kasuwarmu sun fara gane gara mutum ya je inda ake ƙera kaya da ya zauna jiran su a Legas, shi ma ya bi sahu. Ya tafi da ƙafarsa, zazzaɓi ya kama shi a masauki. Bayan 'yan kwanaki wani mutum ya bugo waya gidan maƙwabcinmu, ya ce a gaya wa iyalinsa Allah ya yi masa cikawa, an kuma yi masa sutura. Wayar ta yanke kafin a tambayi mutumin ko shi wane ne. Aka yi zaman makoki, kakata ta yi takaba ta fita, rayuwa ta ci gaba.

Daga baya ne wata mata ta zo barka gidanmu, a cikin hira kawai ta ce ɗanta ya gaya mata a ƙasar Sin ba a binne mutum, ƙone shi ake yi a zuba tokar a tulu. Ba da mugunta ta faɗa ba, ta ma manta a gidan wa take. Innata ta ce kakata ta ci gaba da tsince shinkafar da ke gabanta. Amma daga ranar, duk sanda aka ambaci Sin a rediyo sai ta tashi ta shiga ɗaki.

Da na samu gurbin karatun harhaɗa magunguna a Guangzhou, ana gobe zan tafi ta aika a kira ni. Tun ina ƙarami angona take ce mini, ni kuma in ce mata amarya.

"Angona, ashe garin wanda ka ƙwace wa mata za ka."

"Zan gaishe miki da shi, amarya."

Ta yi dariya kaɗan, sannan ta kama hannuna ta riƙe.

"Ka duba mini. Ƙasa ce ta ci shi ko wuta. Ko wanne ne ka gaya mini, kada ka yi mini ƙaryar lallashi. Na gaji da yi masa addu'a ban san inda zan ajiye shi a raina ba."

Ban taɓa jin ta faɗi sunansa ba, ranar ma ba ta faɗa ba. Shi kawai take cewa, kowa kuma ya san wa take nufi.

Ni mutum ne da magana ke yi wa nauyi. A aji na fi son kujerar bango, a masallaci ina idar da salla nake neman takalmina. Shekarata ta farko ta tafi a koyon Sinanci, kuma na iya karatu da rubutu sosai kafin bakina ya yarda ya furta. Saƙon kakata yana raina kullum, amma ban san ta ina zan kama shi ba.

Hanyar ta zo daga wata malama Ba'amurkiya da take koya mana rubutun kimiyya da Turanci. Wata rana, don ta nuna mana yadda ake bin hujja, ta ba mu labarin yadda ta gano kakannin kakanninta da suka yi ƙaura daga Wales zuwa Amurka. Ta fara da kundin ƙidayar jama'a, ta ga sunan ɗaya daga cikinsu da sana'arsa da 'ya'yansa. Ta je ɗakin karatun garin ta buɗe tsofaffin jaridu. Daga ƙarshe ta je maƙabarta, ta nuna mana hoton dutse ɗauke da suna da shekarar haihuwa da ta mutuwa, har da ƙauyen da ya fito. Abin ya burge ni ƙwarai, musamman da na ga aiki ne da mutum zai yi shi kaɗai, ba sai ya tsaya gaban kowa yana bayani ba. Na ce a raina wannan kam irin nawa ne.

Na fara da ƙidaya kamar yadda ta yi. A babban ɗakin karatu na gari na samu kundayen, masu kauri, ba mai taɓa su. Abin da na tarar shi ne ba a fara lissafa baƙi ba sai bayan rasuwar kakana, kuma ko da aka fara, adadi ne kawai, babu suna. Ballantana shi da ya zo sarin kaya, ba zama ba. Na koma kan jaridun shekarun da ake baje kolin kasuwa a titin Liuhua Lu, ina bi shafi-shafi a na'ura har idona ya riƙa yaji. Na ga hotunan 'yan kasuwa baƙar fata cikin manyan riguna suna duba kaya, na riƙa ƙara girman fuskokinsu ina kwatantawa da hoto ɗaya tilo da muke da shi. Babu shi. Mutuwar baƙo a masauki ba labarin jarida ba ce.

Abu ɗaya na samu a can da ya riƙe ni. A cikin dokokin jana'iza na karanta cewa ƙonewa ce ƙa'ida ga yawancin mutane, amma an bar wa Musulmin ƙasar al'adarsu ta binnewa, har suna da maƙabartarsu a bayan gari. Na karanta sakin layin sau da yawa da ƙamus a gefe. Bai faɗi abin da ake yi da baƙon da ba shi da kowa ba. Don haka ban gaya wa kakata ba, tunda rabin amsa ba shi ta aike ni nema ba.

Maƙabartar tana gindin wani tsauni, bayan ka sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa sai ka hau bas. A ofishin ƙofa na miƙa wa ma'aikaciyar takarda da na rubuta sunan kakana da ƙasarsa, Najeriya. Ta duba a kwamfuta, ta sake dubawa, ta ce, "Meyo," wato babu. Mutuniyar kirki ce, ta nuna mini ɓangaren da ake sa baƙi, ta ce in zaga da kaina. Na zaga. Kaburburan jere suke, an ɗaure su da siminti, kowanne da dutsensa. Akwai Larabawa, akwai 'yan Pakistan, akwai 'yan Afirka jefi-jefi. Na koma can sau da dama a ranakun Asabar, kuma saboda halina na kada in tsallake komai, na ɗauki hoton kowane kabari a ɓangaren, har da 'yan kaɗan da ba su da suna, sai aya kawai. A ɗaki nake buɗe hotunan ina karanta duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Sunansa bai fito ba.

Da takarda ta ƙare mini, dole na nufi mutane, amma ko a nan ma da takardar na je. Na riƙa miƙa wa dattawan 'yan Najeriya da suka daɗe a gari sunan a rubuce bayan sallar Juma'a, in ce ko sun san shi. Su karanta, su girgiza kai, su yi masa addu'a. Wani ɗan kasuwar Kwari ya ce mini, "Ɗana, mu nan duk wanda ya rasu cikinmu mun san da shi, karo-karo muke yi. In ba mu sani ba, to..." Bai ƙarasa ba. Wannan maganar da bai ƙarasa ba ta hana ni cin abinci ranar.

A waya kuwa kakata ba ta taɓa tambayata ba. Za ta ce ina cin abinci, ko na samo mata kishiya mai ƙananan idanu, ko sanyi ya shigo. Sai in mun zo sallama ta ɗan yi shiru, ina jin numfashinta, sannan ta ce, "To, Allah ya yi albarka." Babana kuma ya fara cewa jikin tsohuwa sai a hankali, ƙafa ta hana ta fitowa tsakar gida. Na fara tunanin yadda zan haɗa jimlar in wuta ce, da kuma abin da ya fi wannan muni, wato ta tafi ban kawo mata ko ɗaya ba.

Akwai wani ɗan gidan abinci a unguwar Dengfeng, a saman shagon waya, inda nake zuwa cin tuwo in kewar gida ta dame ni. Mai wurin 'yar Ghana ce mai Hausar zango. Teburan ba su da yawa, amma kowa ya san nasa. 'Yan Najeriya suna zama kusa da talabijin suna musun ƙwallo da kuɗin kwantena. 'Yan Nijar suna can ƙurya wajen taga da ɗan butar shayinsu, suna surka Faransanci. Ana gaisawa, ana salla tare, amma in an zo zama kowa sai ya nemi nasa. Ni ma ban taɓa zama a ƙuryar ba.

Wata ranar Lahadi da azahar ina cin abinci ni kaɗai, wani dattijo mai farin gemu a teburin taga ya ɗaga kofin shayi sama yana tsiyayawa a wani kofin, ya ce wa na kusa da shi, "Mi ya hwaru kuma?" Na ajiye lomar da ke hannuna. Haka kakata take yi in tana kwaikwayon mijinta don ta ba mu dariya, ta ɗaga hannu sama kamar mai tsiyaya shayi, ta kumbura murya ta ce mi ya hwaru. Mun san an haife shi a wani ƙauye kusa da Maraɗi, ya shigo Kano yana saurayi. Amma a gidanmu wannan tsohon zance ne, abin tsokana kawai. Mu Kanawa ne, shi ma Bakano muka ɗauke shi, ban taɓa kawo wa raina cewa mutumin da ya yi aure ya hayayyafa a Kano zai iya tafiya duniya a matsayin wani abu daban ba.

Na daɗe a zaune. Na wanke hannu, na sake wankewa. Daga ƙarshe na taka zuwa teburin, na durƙusa na gaishe su.

"Lahiya lau, ɗan makaranta," in ji dattijon. "Kai ne kullum kake ci kamar ana korarka. Yau ka ɓata hanya ka ƙetaro iyaka ba biza?"

Suka yi dariya. Na ciro takardata zan miƙa masa.

"Aje wannan. Ni idona bai ganin boko. Mi kake biɗa? Hwaɗi da bakinka."

Na mayar da takardar aljihu. Na faɗi sunan kakana, ya ɗan karkata kai.

"Sunan nan ai rabin Hausa ke gare shi. Mi yake saidawa?"

"Kwanuka, Baba. Na jere."

"Dogo ne? Da tsage nan a kunci?"

"E, Baba."

"In ya yi dariya yana rufe baki da hannu, don haƙorinsa guda ya karye?"

Wannan ban sani ba, sai na ce ban taso na gan shi ba. Dattijon ya ajiye butar. Ya dube ni sosai, daga goshi har haɓa.

"Kai mi ne nashi?"

"Jikansa ne."

"Ku matsa mishi," ya ce da sauran. "Zauna nan, jikana. Ni na yi mishi wanka."

Ban san na zauna ba sai da na ji kofin shayi mai zafi a hannuna. Tambayar da na ɗauko tun daga Kano ita ta rage, sai na ce, "Baba, binne shi aka yi?"

"To mi za a yi da shi? Soya shi?" Sai ya ga fuskata, ya sassauta murya. "Wa ya ce muku an ƙone shi?"

Na ba shi labarin matar barka, da kakata, da saƙonta. Ya ja gemu, sannan ya ce, "Allah sarki, baiwar Allah. Duk shekarun ga."

Ya ce shi da kakana tare suka yi kiwo suna yara. Da za a fara zuwa Sin, ayarin 'yan Maraɗi kakana ya biyo, da fasfon Nijar, da sunan da aka rubuta masa a can, nasa haɗe da na mahaifinsa, ba wanda muka san shi da shi a Kano ba. A masauki ɗaya suka sauka kusa da tashar jirgin ƙasa. Da ya cika a asibiti, wani limami Basine ne ya shige musu gaba har aka samu takardar izini. Su suka yanko farin yadi a kasuwa, su suka yi wanka, suka sallace shi, Sinawa Musulmi suka cika musu sahu.

"Ni na buga waya gidan maƙwabcinku," ya ce. "Katin waya na lokacin, kana cikin magana shi mutu. Na saya wani, lambar ta ƙi shiga. Na ce ai na hwaɗi an yi sutura, mi ya rage?"

Wani daga cikinsu ya ce, "Alhaji, ba ka ba shi labarin gabas ba."

Dattijon ya yi dariya har da tari. Ya ce da suka sauka cikin kabarin, su uku 'yan gida, sai suka juya shi yadda hannunsu ya saba, kai a kudu, fuska a gabas. Limamin yana sama yana ta ɗaga hannu yana magana, su kuwa ba mai jin Sinanci, suna cewa wannan malami bai san aikinsa ba. Sai da ya sauko da kansa ya nuna musu yamma yana cewa Makka, Makka.

"Kullum muna salla a garin ga muna kallon yamma, amma da munka shiga rami sai Maraɗi ta dawo muna a ka. Saura kaɗan mu bar kakanka yana kallon Japan."

Na yi dariya, hawaye kuma suna zuba, ban iya tsayar da ko ɗaya ba. Mai abincin ta kawo mini ruwa ba ta tambayi komai ba.

Na ce masa na zaga maƙabartar, ban ga sunan ba, ko wanne daga cikin biyun. Ya ce ba zan gani ba. Da aka tambaye su abin da za a sassaƙa a dutse, babbansu ya ce mu a gida ba mu rubuta suna a kabari, wanda ya halicce shi ya san inda yake, a sa aya kawai. Shi dai Alhaji zuciyarsa ba ta kwanta ba. A gida akan kafa fasasshiyar tukunya a san wuri, nan kuwa babu tukunya. Da suka koma ranar da ake ɗaure kabarin, sai ya ɗauko murfin kwano ɗaya daga samfurin kayan kakana ya danna shi cikin ɗanyen siminti wajen kai.

"Amma kada ka ce in kai ka," ya ce. "Na kwana biyu ban je ba, garin ga kuma kullum sabo yake. Ni yanzu daga kasuwar Shisanhang sai masauki. Ko an aje ni ƙofar wurin ban gane layin."

Na ciro wayata. Hannuna ya san inda hoton yake, domin na sha tsayawa a kansa ina mamakin abin da ya kawo shi. Kabari ne marar suna, kusa da wata bishiya, da wani abu zagayayye a manne wajen kai, tsatsa ta ci bakinsa, amma ana ganin jan fure da koren ganye. Na ɗauka wata al'ada ce ta mutanen wata ƙasa. Na miƙa masa. Ya nisanta wayar daga idonsa, ya matso da ita, ya sa babban yatsa ya shafa gilashin.

"Shi ne. Ashe ka riga ka gaishe shi ba ka sani ba."

Washegari muka tafi tare, ni na san hanya, shi ya san mai wurin. A tasi yana ta ce wa direba lawban, wato maigida, a yi sannu, tsoho ne a mota. Na kai shi har gindin bishiyar. Ya tsuguna da ƙyar, ya cire busassun ganyen da suka taru a kan murfin, ya yi sallama ya kira kakana da wani sunan yarinta da ban taɓa ji ba. Muka yi addu'a. Na lura ƙasar wurin ja ce, irin ta bayan gidanmu in an yi ruwa.

Daga nan na kira gida, la'asar a wurinmu, hantsi a Kano. Babana ya kai wa kakata wayar har gado.

"Amarya, ƙasa ce."

Na ji ƙarar carbinta ya faɗi a kan tabarma.

"Ka gani da idonka?"

"Ina tsaye a kansa. Ga wanda ya yi masa wanka nan kusa da ni."

Na ba Alhaji wayar, suka gaisa, ya yi mata ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar, ita ma ta amsa kamar haka. Ta tambaye shi mutum nawa suka yi salla, ya ce sahu ya cika har an yi na biyu. Ta tambayi likkafani, ya ce sabon yadi ne, shi ya yanko. Da wayar ta dawo hannuna sai ta ce, "Sun dai juya shi gabas ko?"

Alhaji ya toshe baki yana dariya. Na yi mata bayani cewa a nan alƙibla yamma take, Makka tana tsakaninmu da su, don haka fuskarsa tana kallon yamma.

"Yamma," ta ce. "Wato wajenmu."

"Kusan haka."

"To ka ji, angona. Duk abin da muke yi yana kallo. Sai ka kama kanka."

Na ji ta kira innata tana cewa a dama mata kunu, mai tsami, kuma a fito mata da tabarma tsakar gida. Ta manta ba ta kashe wayar ba. Na tsaya ina sauraron gidanmu, ana jan kujera, akuya tana kuka, har Alhaji ya taɓa kafaɗata ya ce in kama shi ya miƙe, gwiwarsa ta riƙe.